Noman sanfulawa don mai da don iri: me ya sa 'ya'yana suka zama holoƙo?

Tambaya daga wani manomi a yankin Funtuwa: "Bara na gwada sanfulawa kunya goma a gefen masarata, rana ɗaya na shuka su. Ta yi kyau, kawuna manya-manya, amma da na murza sai na tarar yawancin 'ya'yan holoƙo ne, masu ɗan ƙwarin kuma tsuntsu ya cinye. Bana ina so in ba ta hekta guda don mai, uwargida kuma tana son 'yan tushe a tsakar gida. Yaushe zan shuka, yaya zan yi, kuma zan iya ajiye iri daga abin da na girba?"

Malam, sannu da ƙoƙari. Abin da ka gani bara ba laifin ƙasarka ba ne. Sanfulawa ba ta da wuyar tsira, ba ta da wuyar girma. Uwar saiwarta na nutsewa mita ɗaya da rabi ko fiye idan ƙasa ta ba ta hanya, shi ya sa take jure tsaikon ruwan da zai naɗe ganyen masara. Ribarta da asararta duk suna cikin makonni shida na ƙarshe, daga ranar da fure ya buɗe zuwa ranar da aka yanke kai. A waɗannan makonnin tana bukatar laima a ƙasa, ƙudan zuma a kan fure, sarari a sama lokacin nuna, da mutum mai korar tsuntsu. Duk sauran aikin, tun daga zaɓen ranar shuka, shiri ne don wannan lokacin.

Ka ce rana ɗaya ka shuka ta da masara, kuma a nan matsalar ta fara. Yawancin ire-iren da ake nomawa don mai suna buɗe fure tsakanin kwana 55 zuwa 70 bayan shuka, su nuna tsakanin kwana 90 zuwa 120. Wanda ya shuka farkon Yuni, furensa zai buɗe a cikin Agusta, tsakiyar marka. Ruwa na wanke garin fure, ƙudan zuma ba sa fita idan gari ya lumshe ana yayyafi, ga kuma ruwan da ke kwanciya a ƙeyar kai ya ruɓar da shi tun 'ya'ya ba su ƙosa ba. Don haka lissafin ranar shuka daga baya ake faro shi. Ka duba lokacin da ruwa ya saba ɗaukewa a garinku, ka ƙirga baya kwana 80 zuwa 90, nan ne ranar shukarka. Da haka fure zai buɗe ana sauran makonni biyu ko uku na ruwa, 'ya'ya su ƙarasa cika da laimar da ta rage a ƙasa, kai ya bushe a cikin kaka. A yankin Funtuwa da Zariya wannan na faɗawa wajen 10 zuwa 25 ga Yuli. Kano, Katsina, Jigawa da Maraɗi, inda damina ta fi gajarta, daga ƙarshen Yuni zuwa makon farko na Yuli. Kudancin Kaduna, Neja da Nasarawa ana iya kaiwa tsakiyar Agusta. Wannan jinkirin ma sauƙi ne gare ka, domin ka riga ka gama shukar masara da firi kafin ka waiwaye ta.

Mai noman rani ya shuka a Nuwamba ko farkon Disamba, don fure ya buɗe cikin sanyin hunturu. Idan aka makara har fure ya haɗu da zafin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 35, garin fure na lalacewa, mai kuma ya ragu a cikin tsaba. A ban ruwa, kada a bar ta da ƙishi daga kwana 20 kafin fure zuwa kwana 20 bayansa.

Sai iri. Akwai baƙin iri ƙanana mai siririn ɓawo, shi ne na mai, kashi 38 zuwa 48 cikin ɗari na nauyinsa mai ne. Akwai manya masu zane fari da baƙi, ɓawonsu mai kauri, waɗanda ake soyawa a ci ko a ba tsuntsayen kiwo; mansu bai cika wuce kashi 30 ba. Asalin shukar daga Arewacin Amurka take, amma a Rasha aka mayar da ita amfanin gona na mai, inda masanin iri Fustoboit ya yi shekaru a Kirasnoda yana tace ta har ya ɗaga manta daga wajen kashi 30 zuwa kusan 50. Baƙin irin da ake matsa yau jikokin wannan aikin ne. Mai son mai kada ya sayi mai zane don girmansa ya burge shi. Cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru ta fitar da ire-iren da ake kira SAMSUN, kuma akwai wani tsohon iri da ya saba da ƙasarmu wanda masu bincike ke kira da sunan garinku, Funtuwa. Waɗannan ba masu aure ba ne, wato ba haɗin iri biyu daban ba ne, ana iya ajiye irinsu. Iri mai aure da kamfanoni ke sayarwa ya fi yabanya, ya fi nuna lokaci ɗaya, kuma da yawansa ba sa dogara da ƙudan zuma sosai, amma kowace shekara sai ka sayi sabo.

Ko wane ka samu, ka gwada shi kafin ka kai gona. Irin sanfulawa saboda maiƙonsa yana saurin mutuwa a ɗaki mai zafi, wanda ya shekara a shago sau da yawa rabinsa ba ya tsira. Ƙirga ƙwaya 100, jera su a jiƙaƙƙen tsumma, naɗe, ajiye a inuwa kana yayyafa ruwa. Bayan kwana 7 zuwa 10 ka ƙirga waɗanda suka fito. Daga 85 zuwa sama iri ne mai kyau. Tsakanin 70 da 85 ka ƙara yawan ƙwaya a rami. Ƙasa da haka ka mayar wa mai shi.

Ƙasar da masara ke so ita sanfulawa ke so: mai zurfi, mai riƙe laima, wadda ruwa ba ya kwanciya. Tana yi a jigawa idan an ba ta taki, tana yi a laka. A Sudan ma a baƙar lakar Gadarif da jihar Bulu Nayil ake noma ta da ruwan sama. Abin da ba ta ɗauka shi ne kwanciyar ruwa, kwana biyu zuwa uku saiwarta a cikin ruwa sun isa su kashe ta, don haka fadama da damina ba wurinta ba ne. Ƙasa mai tsami sosai ma na daƙile saiwarta. Wani alherinta shi ne ƙudujin da ke kama masara da dawa da gero ba ya kama ta, sai ta zama abin juyi mai kyau a gonar da ƙuduji ya addaba. Amma kada ka maimaita ta a wuri ɗaya sai bayan shekara 3 ko 4, saboda cututtukanta a ƙasa da karmami suke kwana.

Akwai abin da nake so manomin masara ya riƙe da hannu biyu: atirazin na kashe sanfulawa. Yawancin magungunan ciyawar da ake fesa wa masara bayan shuka suna ɗauke da shi, ko shi kaɗai ko a haɗe da wani. Kada ka fesa shi a gonar sanfulawa, kada ka shuka ta a filin da aka fesa wa shi a daminar nan, idan kuma an zuba shi da yawa bara a ƙasa mai yashi, gara ka sauya fili. Alamarsa, tsiro ya fito lafiya, bayan 'yan kwanaki gefen ganye ya ƙone ya bushe. Haka maganin 2,4-D na shinkafa, ko iska ce ta kwaso shi daga gonar maƙwabci ko ragowarsa ce a famfon feshi, yana murɗe ganye da kara. Wanda ya dace da ita shi ne mai ɗauke da pendimethalin, a fesa ranar shuka ko washegari a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa kafin tsiro ya fito, gwargwadon abin da aka rubuta a jikin gorar.

Huɗar shanu ta santimita 75 tsakanin kunya da kunya ta yi daidai. Tsakanin rami da rami santimita 25 zuwa 30, wato taƙi ɗaya da ɗan ɗori. Wannan zai ba ka tushe 44,000 zuwa 53,000 a hekta. Zurfin rami santimita 3 zuwa 5, gaɓa biyu ta yatsa. Idan ya wuce haka, musamman a ƙasar da ke yin ɓawo bayan ruwa, tsiron ba ya iya huda ta. Ƙwaya biyu a rami, kilo 6 zuwa 8 sun ishi hekta. A shuka bayan ruwa mai kyau, ban da binne, domin kurege da ɓera da gafiya suna bin rami ɗaya bayan ɗaya suna tonewa. Garin maganin da ake cuɗa iri da shi kafin shuka yana rage ɓarnar ƙwari da ruɓewar tsiro. Za ta fito cikin kwana 5 zuwa 10. Da ta kai mako biyu a cire a bar ɗaya tak a kowane rami. Manoma da yawa suna jin tausayin cirewa, amma biyu a rami ɗaya sirara suke tashi, kawunansu ƙanana, iska kuma ta kwantar da su. Inda bai fito ba a cike da iri cikin makon farko. Dashe ba ya karɓar ta, domin da uwar saiwa ta karye shi ke nan.

Ka ambaci manyan kawuna, kuma na san suna faranta ran mai gona, amma ba su ne abin nema ba. Kan da ya yi faɗin faranti alama ce ta tazara ta yi yawa, kuma irinsa ne tsakiyarsa ke zama fanko, ya yi nauyi ya karya wuya, ya daɗe bai bushe ba. Kai mai faɗin santimita 15 zuwa 20, cike har tsakiya, a kan tushe dubu hamsin, shi ke cika buhu.

Taki ba ta kai masara ci ba. A hekta, buhu 4 na kamfa 15:15:15 ranar shuka ko cikin kwana 10 zuwa 14, sai yuriya buhu ɗaya da rabi zuwa 2 a mako na huɗu ko na biyar, kafin ta ɗaure kai. A binne shi kamar yatsa huɗu daga tushe, domin idan ya taɓa iri ko tsiro yana ƙona shi. Gonar da ta sha takin gargajiya ko ta fito daga waken suya, a rage yuriya. Yawan yuriya na sa kara tsawo da laushi, ya jinkirta nuna, ya jawo cuta, ya kuma rage mai a cikin tsaba. Noma sau biyu ya isa, firi a mako na biyu zuwa na uku, maimai a na biyar zuwa na shida tare da tara ƙasa a gindi don ta tsaya wa iska. Bayan nan inuwarta ke kashe ciyawa.

Akwai wani sinadari da kamfa ba ya ɗauke da shi, sanfulawa kuma ta fi yawancin amfanin gona jin rashinsa, shi ne boron. Ƙasa mai yashi wadda ta gaji ta fi rasa shi, musamman idan an yi tsaikon ruwa. Za ka ga sabon ganye na sama ya yamutse ya yi kauri ya yi ja-ja, kai ya fito a karkace da filaye marasa 'ya'ya, wani lokaci kara ya tsage ƙasa da wuya kamar an yanka, kan ya faɗi. Maganinsa garin boraks, giram 2 a kowace lita ta ruwa, wato giram 32 a famfo mai lita 16, a fesa wa kawuna da ganyen sama lokacin da ruwan ɗorawan fure ya fara leƙowa. A narka shi da ruwan ɗumi tukuna. A auna shi da gaske, domin tsakanin isarsa da yawansa ba nisa, yawansa kuma ƙone ganye yake yi.

Yanzu ga zuciyar tambayarka. Abin da ido ke gani fure ɗaya ne, amma idan ka matso ka duba fuskar kan, ɗaruruwan ƙananan furanni ne a jere, kowanne zai zama ƙwaya ɗaya. Ba sa buɗewa tare. Daga gefe suke farawa, layi biyu zuwa huɗu a kowace safiya, suna shiga ciki har su kai tsakiya cikin kwana 5 zuwa 10. Kowane ƙaramin fure, ranar farko garin namiji yake fitarwa, sai washegari ɓangaren mace ya miƙe ya buɗe. Garin yana da nauyi da danƙo, iska ba ta ɗaukarsa yadda take ɗaukar na masara, kuma ire-iren da ba masu aure ba da yawansu ba sa karɓar garin kansu, sai na wani tushe. Ɓawo kuwa yana girma ko an samu haɗuwa ko ba a samu ba. Shi ya sa kai ke cika fal da baƙaƙen 'ya'ya, ka matsa ɗaya tsakanin yatsu ya lotse babu komai ciki.

Mai kai garin nan daga kai zuwa kai shi ne ƙudan zuma. A hekta guda ana son aƙalla amya biyu masu ƙarfi, a ajiye su a gefen gona da zarar furanni na farko sun fara buɗewa. Idan akwai mai kiwon zuma a yankinku ku yi magana tun yanzu, shi ma riba ce gare shi. Ka shiga gona wajen ƙarfe tara na safe ka ƙirga kawuna goma da suka buɗe. Idan da ƙyar ka ga ƙuda biyu ko uku a kansu gaba ɗaya, ba su isa ba, sai a taimaka da hannu. A naɗe tafi da tsumma mai laushi, a shafa fuskar wannan kan a hankali, a shafa na gaba, a bi kunya haka, tsakanin ƙarfe 8 da 11 na safe, kwana ɗaya tsakani, har mako biyu. Manoman Indiya sun daɗe da wannan dabarar. Aiki ne, amma bambancinsa a masussuka yake bayyana.

Daga nan za ka gane haɗarin feshi. Tsutsar da ke huda auduga da tumatir ita ce ke cin kan sanfulawa. A neme ta tun kai yana ɗaure, a ɗaga 'yan ganyen da suka lulluɓe shi a duba. Idan ta yi yawa a yi feshi kafin fure ya buɗe. Da zarar ya buɗe, a ajiye famfo. Magungunan ƙwarin da muka saba da su suna kashe ƙudan zuma, kuma asarar da hakan ke jawowa ta fi ta tsutsar. Idan ya zama tilas, sai dab da magariba bayan ƙuda sun koma. A ƙaramar gona tsince ta da hannu ya fi. Wuraren da tsutsa da tsuntsu suka huda ta nan ruɓa ke shiga, ƙeya ta yi laushi ta yi ruwan ƙasa. Cututtukan ganye masu ɗigo-ɗigo baƙi da ke hawa daga ƙasa, da ruɓar gindi mai farin zare-zare, su ma laima ce ke rura su. Shuka a kan kari, tazara daidai da juya gona sun fi kowane magani a kansu. Tushen da ya yanƙwane a tuge shi a fitar daga gona.

Tsuntsu kuwa gaskiya sai an tsare. Jan-baki, kurciya, tattabarun gari da tsirya duk suna son ta, kuma suna farawa tun tsaba tana ruwa-ruwa. Kunya goma a gefen masara, kamar yadda ka yi bara, tamkar akushi ɗaya ne a gidan biki. Fili babba a dunƙule ya fi siriri dogo, domin daga gefe suke ci. A nisanci manyan itatuwa, bakin ruwa da bayan gari. Idan maƙwabta za su shuka, ku shuka mako ɗaya ɓarna ta rabu. Shukar Yuli tana da wannan fa'idar ma, nunarta na haɗuwa da lokacin da abinci ya yi wa tsuntsu yawa a daji, saɓanin gonar rani da ke tsaye ita kaɗai. Mutum-mutumi, gwangwani da leda mai ƙyalli suna aiki kwana kaɗan ne, sai a riƙa sauya musu wuri. Ka saka kuɗin masu tsaro na mako uku a lissafinka tun farko, daga hudowar rana zuwa hantsi, da kuma daga la'asar zuwa magariba.

Babbar kariya ita ce kada a bar ta ta bushe a tsaye. Ka riƙa juya kai kana duba ƙeya. Idan ta tashi daga kore ta koma ruwan ɗorawa, 'yan ganyen gefen kai suka fara zama ruwan ƙasa, busassun furannin fuska suna zuba da an shafa, to tsaba ta gama cika, abin da ya rage bushewa ne kawai. Wannan na zuwa kwana 30 zuwa 45 bayan fure. A yanke da lauje ko wuƙa, a shanya a kan tamfol ko daɓe, fuska sama, layi ɗaya ba tsibi ba, domin ƙeyar tana da ruwa kamar soso, idan aka tara ta kwana biyu sai ta yi zafi ta yi fumfuna. Manoman gabashin Afirka suna da wata hanya: su yanke kai, su fiƙe karan a tsayin ƙugu, su soke kan a kai fuska ƙasa, ya bushe a nan tsuntsu bai samu wurin sauka ba. Bayan kwana 5 zuwa 7 na rana a bubbuga da sanda ko a goga kai biyu da juna, a sheƙe, a sake shanya tsabar kwana biyu ko uku. Ana son laimarta ta sauka ƙasa da kashi 9 cikin ɗari. Ɓare ɗaya ka ciza: idan ta karye ƙaras ta bushe, idan ta lanƙwashe da saura. Wadda aka ɗura da laima tana zafi a buhu, mai ya yi ɗaci, fumfuna mai guba ta kama ta.

Ƙaramin manomi da bai ba ta kulawa sosai ba yakan samu kilo 600 zuwa 1,000 a hekta. Da iri mai kyau, taki da ƙudan zuma ana kaiwa tan ɗaya da rabi zuwa 2. Ka sani tsabarta ba ta da nauyi, buhun da ke cin kilo 100 na masara bai cika wuce kilo 55 zuwa 60 na sanfulawa ba. Yi lissafinka da cinikinka da kilo.

Batun kasuwa nake so ka gama da shi kafin ka sa iri a ƙasa. Man sanfulawa yana da daraja a duniya, fiye da rabin wanda ke shiga kasuwar ƙasashe daga Yukiren da Rasha yake fitowa, shi ya sa farashinsa ya yi tashin gwauron zabo da yaƙinsu ya ɓarke a 2022. Amma wannan bai sa a samu mai saye a kasuwar ƙauye ba, ba kamar masara ko waken suya take ba da za ka sauke buhu a ɗauka nan take. A Tanzaniya, yankin Singida da Dodoma, abin da ya raya nomanta shi ne ƙananan injinan matsa a garuruwa, manomi ya kai tsabarsa a matse masa. Kai ma ka nemi mai injin matsar gyaɗa ko waken suya a kusa, ka tambaye shi ko zai karɓa, a kan nawa, kuma mafi ƙarancin abin da zai kunna inji dominsa. Idan babu tabbaci, rubu'in hekta ya ishe ka bana. Daga kilo 100 na baƙin iri, ƙaramin inji na fitar da lita 25 zuwa 35. A tsince duwatsu da yashi don suna cin ƙarfen inji. Da ɓawonta ake matsa ta, shi ya sa hanyar ƙuli-ƙuli ta gida ba ta dace da ita ba. A bar man ya kwanta 'yan kwanaki, a tace da ƙyalle, a ajiye a rufe nesa da rana. Tunkuzar da ta rage abinci ce mai kyau ga shanu, tumaki da awaki. Kaji kuwa kaɗan ake sa musu a haɗi saboda yawan ɓawo.

Ajiye iri yana yiwuwa idan ba mai aure ka shuka ba. 'Ya'yan mai aure rarrabuwa suke yi, wani dogo wani gajere, wani mai rassa, yabanya ta faɗi. Ƙudan da ke cika maka kai su ne kuma ke gauraya iri, don haka gonar iri ta nisanci wata sanfulawa daban da aƙalla mita 500, kilomita guda ya fi, ko kuma a raba ranar shukarsu da wata guda. Wannan ya haɗa da 'yan tushen adon uwargida idan gida na kusa da gona. Kafin fure ya buɗe ka zagaya ka tuge masu rassa, masu cuta, da waɗanda suka yi wa saura zarra ko suka makara. Lokacin nuna ka ɗaura ƙyalle a kan kawuna 50 zuwa 100 daga tsakiyar gona, masu tsayi daidai, cikakku har tsakiya, waɗanda fuskarsu ta sunkuya ƙasa, domin irinsu ruwa ba ya zama musu tsuntsu kuma yana shan wuyar ci. Kada ka ɗebi iri daga kai biyu ko uku don sun fi girma, iri na raunana idan tushensa ya yi kaɗan. Ka sussuke su daban, ka bar 'yan ƙananan tsakiya, ka busar sosai, ka rufe a jarka ko buhu mai leda biyu a ɗaki mafi sanyi. Sabon iri yana barci na mako shida zuwa takwas, wanda aka girba a ƙarshen Oktoba aka mayar ƙasa a Nuwamba don rani ba zai fito da kyau ba.

Na tsakar gida ba su da wahala. Wuri ne mai samun rana awa 6 zuwa 8, rami mai takin gargajiya da ya ruɓe sosai, ƙwaya biyu a bar ɗaya. Dogaye irin su Mammoth suna wuce mita 3, a ba su tazarar santimita 50 zuwa 60 da sandar tokara, a jikin katanga inda iska ba ta dukansu. Gajeru irin su Teddy Bear ba sa kai mita, suna yi a tukunya ko buhun siminti mai zurfin santimita 30 zuwa sama, a huda ƙasansa. A ba su ruwa mai yawa sau biyu ko uku a mako a gindi, na tukunya kullum da zafi. Kai yana bin rana ne tun yana ɗaure, da ya buɗe sai ya tsaya yana kallon gabas, don haka a shuka su a yammacin tsakar gida su fuskanci cikin gida. Idan ana shuka kaɗan-kaɗan duk mako biyu ba za a rasa fure ba. A kange su daga awaki da kaji. Wasu ire-iren ado da ake sayarwa don yanka fure ba su da gari ko kaɗan, mai son 'ya'ya ya kauce musu. Haka dogon ciyayin nan mai fure ruwan ɗorawa da ya cika bakin hanyoyin kudu da tsakiyar Najeriya ɗan'uwanta ne kawai, ba ya ba da tsabar mai.

Tunda tushen gida kaɗan ne, uwargida ta riƙa shafa fuskokinsu da tsumma da safe. Da furanni sun bushe ta ɗaure kowane kai da guntun tsohon gidan sauro, ban da leda, domin leda na tara gumi ta ruɓar da shi. Idan don ci ne, a jiƙa tsabar cikin ruwan gishiri ta kwana, a tsane, a shanya, a soya a kasko ba mai da wuta kaɗan ana juyawa har ɓawo ya fara ƙara.